Bakin da Na Ara wa Ba'indiya

Bari in tona wa kaina asiri tun kafin wani ya riga ni. Na yi kusan shekara uku ina fassara wani yare da ban san komai a cikinsa ba sai kalma huɗu: ruwa, shinkafa, zo, da wata guda da har yau ban tabbatar ba ko godiya ce ko zagi. Da waɗannan huɗun na fassara finafinai masu yawa, daga farko har ƙarshe, har da waƙoƙin. Mai saurarona mutum ɗaya ce, matata, kuma ta yarda da ni. Ko dai in ce ta bar ni na zaci ta yarda.

Karatuna ba shi da nisa. Ajin yaƙi da jahilci na yi a Roni, a shekarun da aka samu mulkin kai, a gindin wani durumi. Malamin ya ce bai taɓa ganin ɗalibi mai yawan baki da ƙarancin rubutu kamar ni ba. Don haka in kun ga rubutun nan ya karkace, daga tushe ne. A Ronin kuma na fara ganin hoto mai motsi, lokacin da motar majigi ke zuwa ta kafa farin ƙyalle tana koya mana tazarar shukar gyaɗa da wanke hannu. Lasifika tana bayani da Hausa garau, amma ni ina can baya ina yi wa tsofaffi nawa bayanin. Nawa suka fi so, don a nawa mutumin da ke feshin gyaɗar yana da budurwa a Gwiwa kuma ubanta ba ya son sa.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, sai kowa ya raina fartanya, ni ma na raina. Na tattara matata da 'yarmu muka dawo Kazaure, lokacin muna ƙarƙashin Kano. Ana ta gina makarantu, ana kawo malamai daga ƙasashen da ba mu taɓa jin sunansu ba. Na samu aikin wanki da guga a kwatas ɗin malaman wata sakandare. Da safe in kai kaya bakin ruwa, ƙarƙashin duwatsu, in wanke in shanya a kan dutse. Da rana in hura gawayi in yi guga a barandar mai kayan.

Gidan da na fi daɗewa na wani malamin kimiyya ne, Ba'indiye, shi da matarsa. Muna ce masa Malam, ita kuma Madan. Da farko mutanen gari ba su yarda Indiyawa ba ne, don waɗanda suka je silima a Kano sun ce Indiyawa farare ne tas, waɗannan kuwa da kaɗan na fi su duhu. Malam ya ce su mutanen kudu ne, kusa da teku, yarensu daban, abincinsu daban, finafinansu ma daban. Madan kullum da sassafe sai ta share ƙofar gida, ta yayyafa ruwa, ta zana wasu layuka da garin shinkafa. Maƙwabta suka ce tsafi ne. Kajin maigadi ba su ce komai ba, cinye shi suke kafin hantsi, ita kuma gobe ta sake.

Wani hutu da Malam ya je gida, ya dawo da akwatin bidiyo da kwali guda na kaset. Ranar Lahadi ana tayar da injin wutar makaranta bayan azahar, sai su ja labule su zauna kallo. Teburin gugata yana daidai taga. Ranar farko na leƙa ta gefen labule har wuyana ya ƙage. Lahadi ta biyu Madan ta lura, sai ta janye labulen kamar faɗin tafin hannu biyu ta maƙale shi. Haka ya zauna har suka bar ƙasar.

A nan na san matar, wata 'yar wasa da ke fitowa a finafinan.

Madan ta faɗa min sunanta ya fi a ƙirga, harshena ya ƙi ɗauka. Amma ko a mafarki aka nuna min ita zan gane ta. Tana da manyan idanu da kwalli, da 'yar wushirya, kuma in za a faɗa mata mugun labari sai ta fara goge hannuwanta da bakin zane, kamar ta riga ta sani, tana son ta karɓe shi da hannu mai tsabta. Wautata ta farko a kanta ita ce, na gan ta budurwa a wani fim, na gan ta uwa a wani, na gan ta tsohuwa da furfura a wani, sai na yanke cewa mutum uku ne. Na ce wa Madan, “Gaskiya gidan nan Allah ya yi musu baiwa, kaka da uwa da jika duk sana'a ɗaya.” Madan ta yi dariya har ta zauna a ƙasa da cokali a hannunta. Da ta samu numfashi ta ce, “Mai wanki, mace ɗaya. Shekara da yawa, mace ɗaya.”

Yanzu jikokina suna kallon finafinan mutanen kudun nan a waya, an ɗora musu Hausa a baki, mutum ɗaya ya doki arba'in motoci suna tashi sama. Ban hana ba, ni ma nakan leƙa. Amma in akwai mai haƙuri a cikinku, ya je wajen masu tura fim ya ce tsofaffin yake so, marasa kala, waɗanda maza ke ɗaura zane su naɗe shi zuwa gwiwa, ga bishiyoyin kwakwa, rubutun farkon fim ɗin kuma zagaye-zagaye kamar an zubar da taliya. In ka ga mai wushiryar, to ka zauna.

Ka nemi wanda take amarya, surukinta yana son sayar da wata akuya da ta zo da ita daga gidansu, ita kuma tana ɓoye akuyar, yau a rumbu, gobe a jirgin fiton mijinta, jibi a ɗakin surukin kansa tunda nan ne kaɗai ba zai duba ba. Wannan na dariya ne, ka kalle shi da yara. Ka nemi wanda take ungozoma, tana ratsa gonakin shinkafa cikin ruwan sama da laima ta ganye, ta karɓi haihuwar duk garin alhali ita ba ta taɓa haihuwa ba. Akwai kuma mai kala, na tsufanta, inda 'ya'yanta suka tafi birni suka bar ta a babban gida, kullum ta share ɗakunansu ta buɗe tagogi, da yamma ta rufe. Wannan kada ka kalle shi in kana da tsohuwa a ƙauye da ka daɗe ba ka je gani ba, sai in ka shirya shiga mota gobe. Na huɗun shi ne na ganyen ayaba, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Sai na gaya muku wace ce matata. Bafulatana ce daga wata ruga a ƙasar Babura. A kasuwar Kanya Babba na fara ganin ta tana taya innarta sayar da nono, na sayi ƙwarya uku a rana ɗaya alhali nono ba ya zama a cikina. Ni kuwa kakannina Barebari ne, don haka aurenmu tun ranar farko tsokana ce. Ba ta kiran sunana, ba na kiran nata. Ita ta ce “Babarbare”, ni in ce “'yar Fulani”. Da na fara aiki a kwatas sai na ga ni ma na isa in yi kulle kamar manya, na ce daga yau ba fita. Ta dube ni ta dubi dutsen gugar da ke hannuna ta ce, “To. Babarbare ya samu dutse mai wuta a ciki, ya zama attajiri.” Amma ta zauna. Macen da ta tashi tana taka daji da ƙwarya a ka, na kulle ta a gida mai ɗaki biyu da danga.

'Yarmu ta fari mace ce. Kun san yadda ake yi da ɗan fari, a wajen Fulani kuma abin ya fi tsanani. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ana zancensa ta sunkuyar da kai kamar ba ta san shi ba. Da kakarta na da rai da ita za a ba wa, amma ta rasu, sai yarinyar ta tashi a gabanmu, mu biyu muna kunyarta. Uwar ta ce mata “ke”, ni in ce “wannan”. Tana shekara shida ƙyanda ta shigo unguwarmu da bazara. Kwana tara ta yi.

Matata ba ta yi kuka ba. Mata suka zo gaisuwa suna ta yaba mata, suna cewa ga 'yar asali, ga dauriya. Washegarin sadakar uku ta ɗauki taɓarya ta daka gero. Ni ma ban yi ba, na tafi bakin ruwa na wanke rigunan mutane. Muka shekara biyu a gida ɗaya, muna tsokanar juna kamar da, muna renon ƙannen yarinyar biyu, babu wanda ya taɓa buɗe baki a kanta. In na shigo na tarar matata ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon gindin danga, sai in yi tari daga zaure in ba ta lokaci ta gyara fuska.

A cikin wannan zaman ne bidiyon ya zo. Duk Lahadi in na dawo wajen la'asar sakaliya, sai in zauna a kan turmi in ba ta fim ɗin ranar tana tankaɗe ko tana tsince wake. Ina yin muryar maza, ina yin ta mata, ina tashi in yi rawar. Takan ce, “Kai da ko Fulatanci ka kasa a shekara goma, yaushe ka iya Indiyanci?” In ce, “Yaren masu ilimi daban, na masu bin wutsiyar saniya daban.” Ta ce, “Ci gaba dai, ya aka yi da akuyar?” Ta san matar nan ta bakina har ta zama kamar wata 'yar uwarta da ke aure a nesa. In na shigo sai ta ce, “Yau mutuniyar tawa ta fito?”

Ranar da aka sa na ganyen ayaba, ban yi guga mai kirki ba. Labarin ba wani mai tsawo ba ne. Mace ce da miji da 'ya'ya uku, babbar ta yi zazzaɓi ta rasu. Su can a kan ganyen ayaba suke cin abinci, kowa a shimfiɗa masa nasa a ƙasa. Bayan an watse daga zaman makoki, matar ta zo raba abincin rana. Ta shimfiɗa na miji, ta shimfiɗa na yara biyu, ta shimfiɗa nata, sai hannunta ya shimfiɗa na biyar. Har ta zuba shinkafa a kai kafin ta gani. Sai ta zauna a gabansa. Ta daɗe a zaune. Ba ta ce komai ba, ko kalma ɗaya, babu ma kiɗa, sai wani tsuntsu da ke kuka a waje. Fuskarta kawai aka nuna, kuma abin da fuskar nan ta yi ban taɓa ganin wani ɗan wasa ya yi shi ba, har yau.

Na dawo gida na zauna a kan turmi. Na kawo labarin har inda ta zauna gaban ganyen. A nan ya kamata in ce ta yi shiru. Amma ni ban iya shiru ba, ban taɓa iyawa ba. Matata ta ce, “Sai ta ce me?” Sai na ji bakina yana tafiya.

Na ce, “Sai ta ce: Kowa ya ce ban damu da ke ba, ni kuma na bar su suka faɗa. Ban taɓa kiran sunanki ba, amma babu ranar da ban kira shi a cikina ba. In na raba abinci naki nake fara ɗiba, sai in miƙa miki a ƙarshe don kada a gane. In an aike ki nakan tsaya bayan danga ina leƙenki ta ɓula har ki sha kwana. Ranar da kika faɗi kika fasa goshi na yi miki faɗa a gaban mutane, na shiga ɗaki na cusa zane a baki. Na san haƙorinki da ya fara girgiɗi, na hagu ne a ƙasa, ban samu na ga ya fita ba. Yanzu ga shi na zuba miki. Hannuna bai ji labari ba tukuna.”

Wasu daga cikin abubuwan nan na gani da idona matata tana yi, lokacin da ta zaci ba na kallo. Wasu kuwa ni nake yi. A lokacin ban tsaya rarrabewa ba.

Rariyar ta tsaya a hannunta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Su ma suna kunyar ɗan fari?”

Na ce, “Sun ma fi ku.”

Ta ci gaba da tankaɗe. Da gari ya ƙare ta ci gaba da kaɗa rariyar babu komai a ciki.

Daga ranar, ko wane fim na kawo, in na gama sai ta ce, “Maimaita min wajen ganyen.” Ina maimaitawa, ina ƙarawa, don maƙaryaci ba ya faɗar abu iri ɗaya sau biyu. Na ƙara kitson da aka yi wa yarinyar na sallah, na ƙara yadda take tsoron zakara. Ba ta taɓa cewa na canza ba. Sai wata rana ta ce, “Babarbare, ina so in ga matar nan da idona. Sau ɗaya.”

In ta gani za ta ga bakin matar a rufe. Za ta gane cewa abin da ta shekara tana jingina da shi, ba daga wata uwa a bakin teku ya fito ba, daga mai wanki ne a kan turmi. Ko dai ta ɗauka na mayar da rasuwar 'yarta abin wasan kwaikwayo, ko ta gane na san duk abin da take ɓoyewa, kuma ban san wanne ya fi muni ba. Sai na fake da kulle. Na ce matar aure ba ta zuwa gidan baƙi kallon hoto, me mutane za su ce. Ta sake tambaya bayan wata biyu, na ce injin ya lalace. Ta sake, na ce Madan ba ta da lafiya. Na kwantar da baiwar Allah nan da ciwo kala-kala, har da na haƙori.

Sai abubuwa biyu suka haɗu. Kuɗin mai suka ja baya, aka ce ba za a sabunta wa malaman waje aiki ba, Malam zai tafi ƙarshen zango. Matata kuma ta haihu. Ranar suna Madan ta zo da wata alewar madara a faranti, ta shige cikin mata. Ina waje da maza ina raba goro, ban san me ake ƙullawa ba. Washegari ina hura gawayi Madan ta tsaya a kaina ta ce, “Mai wanki. Matarka ta ce haƙori na ya warke?” Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Ta ce, “Ta gama kwana arba'in, ta zo Lahadi. Fim na ganye. Kai ka kawo ta, ko ni na je na kawo.”

Na samu wata guda ina neman dabara, kuma ga wadda hankalina ya iya kawowa. Ban iya karanta rubutunsu ba, amma na lura kaset ɗin yana da takarda ruwan ɗorawa mai yagaggen gefe. Ranar Asabar ta ƙarshe na shiga ɗaukar kayan wanki, na zare shi daga kwali na cusa cikin zannuwan gado. Na tafi da shi bakin ruwa, na zauna da shi a cinya kamar ɓarawon da ya saci abin da bai san amfaninsa ba. Na yi niyyar jefa shi, na kasa, don mutanen nan ba su taɓa yi min komai ba sai alheri. Na dawo na tura shi cikin buhun gawayina, na ce in sun tashi tafiya sai in tsinto musu.

Ranar Lahadi bayan azahar muka fito, ina gaba tana baya da jaririya a goye. Rabonta da ganin titi da rana tun zuwanmu garin. Tana tafe tana kallon komai, injin niƙa, motar haya, 'yan makaranta. Ni kuwa hankalina kwance, har ina fito. Madan ta tare ta a ƙofa, ta riƙe hannunta biyu, ta shimfiɗa mata tabarma a gaban talabijin. Na koma teburina ina jira a fara neman kaset a rasa.

Madan ba ta ko kalli kwalin ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wani gwangwani inda take ajiye wasiƙu da hoton ɗanta, wanda suka baro wajen kakarsa saboda makaranta. Daga ciki ta ciro kaset. Ashe tun tuni ta raba shi da sauran. Wanda ke cikin gawayina, daga baya na sani, na bikin ƙanen Malam ne. Sai da Malam ya kwana uku yana nema kafin in tsinto masa shi, baƙi ƙirin, in ce ɓeraye ne. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce lallai ɓerayen Kazaure suna son biki.

Aka fara. Ta tagar ina ganin bayan matata da rabin fuskarta. Da matar ta fito, tun kafin Madan ta nuna, ta ce, “Ga ta nan.” Ta ce, “Ashe ƙarama ce haka. Na zaci doguwa ce.” Ta yi dariya inda ake dariya. Madan na son ta yi mata bayani, matata ta ɗaga hannu ta ce ta san labarin.

Aka zo wajen ganyen. Na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu. Na biyar. Matar ta zuba shinkafa, ta gani, ta zauna. Matata ta matsa gaba, ta karkata kunne, tana jira. Tsuntsun nan yana ta kuka. Na ga kafaɗunta a ɗage suna jiran maganar, na ga lokacin da suka fara sauka. Ba ta waiwayo taga ba, alhali ta san ina nan. Ta ci gaba da kallon fuskar matar, matar kuma kamar ita take kallo. Madan tuni hawaye ya wanke mata fuska, tana riƙe da gwangwaninta.

Sai na ji matata ta kira sunan 'yarmu. Sau ɗaya, ba da ƙarfi ba, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci. Tunda aka raɗa wa yarinyar suna ban taɓa jin sa a bakinta ba sai ranar. Ba zan rubuta shi a nan ba, ni har yanzu kunyar ba ta sake ni ba. Daga nan ta kifa kai a kafaɗar Madan, mace biyu da ba su haɗa kalma hamsin ba, suka yi abin da suka yi. Ni kuma na tsaya da dutse a kan farar rigar Malam har sai da na ji ƙauri.

Bayan sati biyu Indiyawan suka tafi. Madan ta bar wa matata tukunya biyu da dutsen niƙanta, kaset kuwa ta tafi da abinta, don ba mu da abin kallonsa. Na daina kullen a wannan shekarar, ban sanar ba, ita ma ba ta tambaya ba, kawai wata Juma'a na ce ko za ta je ta gano 'yan uwanta. Muka ƙara shekara talatin da wani abu tare, muka aurar da yara, ta riga ni tafiya damina huɗu da suka wuce. Na sa an nema min fim ɗin wajen masu turawa a Kazaure, har Kano na aika, amma me zan ce musu? Ban san sunansa ba, ban san sunan matar ba. In na ce na ganyen ayaba sai su ce Baba ai duk finafinansu da ganyen ayaba. Wataƙila wani cikinku ya dace. In ya dace, ya nemi wanda ba a ɗora wa Hausa ba, don na san halin masu fassara, ba za su bar wajen nan shiru ba.

Amma in koma ranar Lahadin. Muka fito rana ta yi sanyi, ina gaba tana baya kamar yadda muka zo. Ina jiran faɗa, na shirya ƙarya uku, wadda ta fi ƙarfi ita ce wai kaset ɗin Madan ya tsufa murya ta goge. Muka wuce makaranta, muka wuce masu sayar da rake. Sai da muka zo daidai bakin ruwa inda nake wanki, na ji takunta ya matso har ta jera da ni, abin da ba ta taɓa yi a titi ba. Ta gyara goyo. Abin da ta faɗa a nan ban ba ta amsarsa ba a ranar, na ce sai mun isa gida, da muka isa na ce sai gobe, ita kuma ba ta sake tayar da shi ba har ta koma ga Allah. Ba ta dube ni ba, ruwan take kallo, ta ce:

“Babarbare, baiwar Allah nan ko bakinta ba ta buɗe ba. Zancen haƙorin nan na hagu, na zaci ni kaɗai na sani.”